Sai da na zama baƙo sannan na iya gudu

Jiya ƙanina ya ga hotona a Facebook, gumi ya jiƙe min riga sharkaf, sai ya rubuto min daga Kano: "Yaya, lafiya kuwa? Ko kasuwar ce ta karye?" Na yi dariya, na ce bari in ba shi amsa a bainar jama'a, don na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya a zuci ba.

Lafiya lau, kasuwa kuma alhamdulillahi. Shekarata 41, shekara uku ke nan ina Garuwa, a arewacin Kamaru, ina sayar da kayan gyaran babura, kuma mako tara ke nan ina atisayen rabin gudun famfalaƙi. Cikakkensa kilomita 42 ne da mita 195, rabinsa kuwa kilomita 21 da mita 97 da rabi. Wannan rabin mitar ma sai an taka ta. Na yi rajistar wata gasa a kudu, saura mako bakwai, zan shiga mota zuwa Ngaundare, daga can in hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde.

Abin da nake son faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Da a gida nake, wallahi da ban fara ba. Ba don babu titi a Kano ba, ba don babu takalmi a Kwari ko Sabon Gari ba. Idon sani ne. A wurinmu magidanci ba ya gudu. Yaro ya yi gudu, ɗan ƙwallo ya yi, soja ya yi, amma mai mata da 'ya'ya huɗu ya fito da asuba yana haki a gaban majalisar unguwa? Kafin hantsi labari ya kai gidan surukai, a ce ko dai bashi ya yi masa yawa, ko kuma an yi masa asiri. Mun ɗauki nauyin jiki mun haɗa shi da nauyin mutunci, har tumbi ya zama shaidar rufin asiri. Ni kaina na yi wa wani maƙwabcinmu dariya shekarun baya da likita ya sa shi zagaya fili. Allah Ya jiƙansa, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi.

Nawa ya zo ne a wani ɗan asibiti a nan Garuwa. Na je da ciwon kai, aka ɗaura min abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta duba ta sake dubawa: 150 bisa 95, wato jinina ya hau. Ta yi min bayani da Faransanci, na kama rabi, yaron shagona ya ƙarasa min sauran. A taƙaice dai, ko in rage gishiri da zama, ko in shirya shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa.

An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Gaskiya ne, amma mutanen gari ma makafi ne a kan baƙo, kuma nan ne ribar take. Ranar farko da na fito, babu wanda ya san ɗan wane ne ni, balle ya kai rahoto. Masu babur suna wucewa, wani ya ɗaga hannu, wani ya yi min tsiya da Fulatanci ban ma gane ba, ta bi iska. Mita 600 na yi na tsaya na dafa gwiwa kamar zan yi amai. Da a ƙofar gidanmu ne, wannan ranar ce ta farko kuma ta ƙarshe.

Garuwa kuma gari ne da ya saba ganin masu motsa jiki. Garin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ne, kuma a filin Rumde Ajiya aka buga wasannin rukunin Najeriya a gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, inda muka ci Masar ɗaya da nema, daga baya Tunisiya ta kore mu a nan ɗin dai. Da safe ba ka rasa samari da ma'aikata suna zagaye a wajen filin. Ƙasar ma gaba ɗaya tana da nata gudun na alfahari, na hawan Dutsen Kamaru a Buya, wanda aka fara tun 1973. Wata baiwar Allah, Sarah Etonge, sau bakwai tana lashe shi, ga ta uwar 'ya'ya. Ni kuma ina jin kunyar shimfiɗaɗɗen titi.

Sai dai baƙunci bai hana rana zafi ba. Na fara da wani jadawali da na sauke a waya, na mako 12, wanda da gani ka san an rubuta shi ne don mutanen da ke fita da rigar sanyi. Wai in yi gudun sauri da yamma. A Garuwa! Garin da a watan Maris da Afrilu zafi ke haura 40 a ma'auni. Na gwada sau ɗaya da la'asar, na dawo ina ganin mutum biyu-biyu. Daga ranar na ajiye lokutansu na riƙe ƙashin tsarin kawai: fita huɗu a mako, uku gajeru, ɗaya doguwa ranar Lahadi, kuma kada abin da na ƙara a mako ya wuce kashi goma cikin ɗari na makon da ya gabata. Mafi yawan gudun a hankali ake yinsa, yadda za ka iya amsa gaisuwa ba tare da numfashi ya yanke ba. Wannan shi ya fi ba ni wuya, don zuciya tana son a ga kana tsala gudu. Na yi gaggawa a mako na uku, ƙwaurina ya yi tsami, na yi kwana shida ina ɗingishi a shago.

Ruwa kuwa sai da na koye shi kamar karatu. Nakan hau sikeli kafin in fita da bayan na dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Bayan doguwar fita nakan haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. In ba haka ba sai zoɓo, wanda a nan suke kira folere, da kunun gyaɗa mai ɗumi. Yanzu da hunturu ya shigo an samu sauƙin zafi, sai ƙura ta karɓi aiki, maƙogwaro kamar an zuba yashi. Zazzaɓin cizon sauro ma ya ci min mako guda cur, na dawo kamar ban taɓa farawa ba.

Lahadin da ta wuce na yi kilomita 15 a hanyar Pitowa, ina tafe masu kai kaya kasuwa suna wuce ni. Burina in gama gasar cikin awa biyu da minti 15, wato minti shida da daƙiƙa 24 kowace kilomita. Don kada kaina ya kumbura nakan tuna cewa Letesenbet Gidey ta Habasha ta yi wannan nisan cikin awa ɗaya da minti biyu da daƙiƙa 52 a Balansiya a 2021. Lokacin da take shan ruwa tana hutawa, ni ko rabi ban kai ba.

Masu kawo min zancen addini kuma, ban san inda suka samo ba. Wandona ya sauka ƙasa da gwiwa, jam'in asuba ba ya wuce ni. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan shekaru suka sake shi kuma ya tsere mata. Al'adarmu ce kawai, mu kira ta da sunanta. Kuma in ni namiji sai da na ƙetare iyaka kafin in samu sarari, ku auna yadda matanmu suke, waɗanda ake gaya musu a asibiti su riƙa tafiya amma ba su da inda za su taka. Wannan maganar tana bukatar nata rubutun.

Mai gidan da nake haya, dattijo ne Bahaushen nan, kakanninsa suka zo fatauci suka zauna. Da farko kullum sai ya ce, "Malam, wa ya biyo ka yau?" In ce, "Baba, hawan jini ne." Makon jiya na hango shi bayan asuba a bakin titin da ke gangarawa gadar Binuwai, da jallabiya da carbi, yana ɗaga ƙafa da sauri. Na gaishe shi, ya ce wai wani zai gani a ƙetare. Kwana huɗu ke nan a jere yana zuwa ganin mutumin nan.

Ni ma ban gama da tawa kunyar ba. Bayan gasar zan zo gida hutun mako biyu, kuma tun yanzu ina lissafin ta wace hanya zan fita unguwa ba tare da na bi ta gaban majalisa ba. Ƙanina, tunda kai ka tsokano zancen, ka nemi takalmi. Tare za mu fita, kuma kai ne a gaba.