Gidajen da muke ginawa ba su san bazara ba

A tsakiyar bazarar da ta wuce na je yi wa wani ƙanena murnar tarewa a gidan da ya saya cikin sababbin rukunin gidajen da ke gefen Kano. Gida ne mai ɗaukar ido: rufin kwano mai tsini, manyan tagogin gilashi suna kallon yamma, an shafe filin gidan kakaf da intalok, ko tsiron darbejiya babu. Da la'asar aka ɗauke wuta. Kafin mu idar da sallah falon ya zama tanda, na dafa bango na ji shi kamar gindin tukunya. Matarsa ta kwashi yara suka fita, amma wajen ma babu inuwa, sai raɓewa suka yi a jikin katanga. Abin ya tsaya mini a rai, domin tarin shekara goma sha ne bawan Allah ya zuba a wannan gida.

Ni a gidan ƙasa na tashi, cikin birni. Zauren kakanmu na tubali ne, kaurin bangonsa ya fi kamu biyu, rufinsa na azara, an shafe bayansa da makuba don kada ruwa ya ci shi. Da tsakar rana, a watan da zafin Kano ke haura digiri 40, tsofaffi suna kishingiɗe a ciki babu fanka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya raba, lokacin kuwa kowa ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Bulon siminti mai rami da kwano ba su da wannan haƙurin, yadda rana ta buge su haka suke miƙa wa na ciki.

Kuma ba sanyi kaɗai muka rasa ba. Zaure shi ke tsare mutuncin gida: baƙo ya tsaya nan, almajiri ya yi sallama nan, mata suna ciki suna harkarsu a sake. Yau baƙo na shigowa sai falo, matar gida ta shige ɗaki ta rufe ƙofa har ya tafi. Ranar suna ko zaman makoki kuwa sai a kafa rumfa a kan titi a tare wa jama'a hanya, saboda wanda ya zana gidan bai tuna muna haihuwa muna mutuwa ba.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, idan aka yi sakaci damina ta kawo shi ƙasa, har da asarar rai. Fili ya yi tsada, azara ta yi wuya. Sai dai waɗannan matsaloli ne na sana'a, kuma maƙwabtanmu sun kama hanyar warware su. A Yamai, a 2016, Mariam Kamara, mai zanen gine-gine 'yar Nijar, da abokan aikinta sun gina gidajen da ake kira Niamey 2000 da bulon ƙasa da inji ke matsewa, masu bene, kowanne da farfajiyarsa a ɗan ƙaramin fili. A 2018 ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci a Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa, da irin wannan bulo, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu. Mu da muka gaji Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun shekarun 1830, bai kamata a ce mun ɗauki ƙasa alamar talauci ba.

Lissafin aljihu ma ya juya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, a Afrilun shekarar kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya kai naira 225 kowane yunit. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki da janareta bashi ne da mai shi zai yi ta biya kowane wata, alhali mai rukunin gidajen ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Shi ya sa nake ganin gyaran daga wurin bayar da izinin gini zai fara. Hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, tana iya gindaya wa duk mai gina rukunin gidaje sharaɗi: a bar wani kaso na kowane fuloti ƙasa tsura da za ta sha ruwan sama, a dasa bishiya, tagogin yamma su sami rumfa. Sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su nemo tsofaffin maginan da suka san ɗaurin guga da bakan gizo, wato dabarun ɗaure rufin ginin ƙasa, tun suna raye, su zaunar da su da ɗalibai. Gwamnati kuma ta fara da kanta, ta gina makarantar firamare ko ɗakin shan magani guda da bulon ƙasa a kowace ƙaramar hukuma, mutane su shiga da tsakar rana su ji da jikinsu.

Ƙanena dai ya ɓalle intalok guda shida a kusa da tagar falo, ya dasa darbejiya biyu, yaransa ke ba su ruwa safe da yamma.