Wa ya tambaye mu kafin a ba su lasisin giya a bakin ƙofarmu?

Gidan da ke kusurwar layinmu, da shagon sayar da kayan gini ne. Rana ɗaya aka wayi gari an yi masa fenti, an rufa masa kwano a tsakar gida, an kafa lasifikoki manya irin na filin taro. Yanzu mashaya ce. Daga Alhamis zuwa Lahadi, kiɗa yana tashi bayan isha'i, ba ya sauka sai ladan ya kusa kiran assalatu. Gilashin tagogi yana rawa, murfin tukunya yana motsi a kan kanta. Idan wuta ta ɗauke, janareto ya karɓa, shi ma da nasa rurin.

Mutanen da ke kwana a wannan layi su waye? Masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, waɗanda ƙarfe huɗu na asuba tana yi musu a kan hanya. Direbobin tirela da ke lodi a Apapa. Masu gadi da suka kwana tsaye jiya suna neman ramuwa yau. Yara 'yan makaranta da ke gyangyaɗi a aji. Akwai wata tsohuwa mai hawan jini da bangon ɗakinta ya haɗu da nasu. Mutum ya sha gosulon Ikko ya dawo jiki duk ya mutu, a hana shi barci a ɗakin da ya biya hayar shekara guda cur.

Mun je wurin mai mashayar, da dattawanmu da maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, don ba mu kaɗai abin ya dama ba. Ko kujera bai ba mu ba. Ya ciro takarda a cikin firam ya nuna, ya dubi babbanmu ya ce, "Alhaji, nan Legas ce, ba Kano ba." Dattijon ya ce masa, "Ɗana, ba kwalbarka muka zo fasawa ba, barci muke nema."

Wannan maganar tasa ita ta fi ƙona mini rai. Da zarar Bahaushe ya buɗe baki kan gidan giya, sai a ce Hisba yake so ya kawo. Mun san inda muke. A Agege da Obalende da Idi-Araba mun yi shekara da shekaru muna zaune da masu sha, kowa da addininsa, har mai tsiren da ke samun ciniki a ƙofar mashayar ɗan'uwanmu ne, kuma ba wanda ya ce ya tashi. Ƙara ita ce matsalar, kuma dokar ƙara ba ta san addini ba. A 2016 hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta rufe coci 70 da masallatai 20 da otal-otal da wuraren shaƙatawa kusan 10 saboda hayaniya. Masallatanmu suna ciki. An ce a sauke lasifikar waje, an sauke. To, in ladan zai rage muryarsa ta minti biyar, a kan me mai kiɗa zai kwana yana girgiza unguwa?

Ma'aunin ma a rubuce yake. A unguwar zama ba a yarda ƙara ta wuce desibel 55 da rana ba, da dare kuwa 45, wato ƙasa da hirar mutum biyu a ɗaki. Mu a namu ɗakin sai ka ɗaga murya matarka take jin ka.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen ba da lasisin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi ba da lasisin sayar da giya da kula da shi. Kula, ba karɓar kuɗi kaɗai ba. Amma ba wanda ya taka layinmu ya ga cewa ƙofar mashayar tana kallon ɗakunan kwanan mutane. Ba wanda ya tambayi ƙungiyar raya unguwa, ko Bale, wato mai unguwa na Yarabawa, ko Sarkin Hausawa. Ba a duba ko ginin yana da abin tare sauti ba, alhali rabinsa fili ne buɗe. An biya, an ba da rasit, an buga hatimi. Da muka kai kuka ofishin da ya ba da takardar, sai aka ce ƙara ba aikinsu ba ne, mu tafi wajen masu muhalli. Wato mai ba da izini daban, mai jin kuka daban, mu kuma muna tsakiya da jajayen idanu.

Lokacin sabunta lasisin yana tafe, kuma mun fara tattara sa hannu gida-gida. Abin da muke nema a rubuta a jikin takardar ne: kiɗa ya koma cikin rufaffen ɗaki, a sauke lasifikar tsakar gida, ƙarfe goma sha ɗaya a rage sauti, a zo da na'ura a auna da tsakar dare daga cikin ɗakin tsohuwar nan, ba da rana tsaka lokacin da ake share wurin ba. In ba zai iya ba, ya kwashe kayansa ya nemi wuri a bakin babban titi.