Likita, ka tambayi Goggo

Shekara huɗu Baffana yana zarya daga unguwar Jahun ta Bauchi zuwa asibiti kan hawan jini. Daga ƙwaya ɗaya aka koma biyu, aka kai uku, har da mai sa fitsari, amma duk awo sai ka ga 170 bisa 100. An hana shi gishiri, an hana shi kilishi, Goggo ta daina jefa dunƙule a miya har yara suka fara guna-guni. Kullum tambayar likita ɗaya ce: "Alhaji, anya kana shan maganin?" Shi kuwa bai taɓa fashi ba, ni nake sayo masa.

A duk shekarun nan babu wanda ya ce da shi, yaya barcinka?

Ko da an tambaye shi ma, lafiya lau zai ce. Mai minshari ai ba ya jin kansa. Wadda ta sani ita ce Goggo, ita kuma tana gida, ba a zuwa da ita. Sai ran nan muna hira a tsakar gida ta ce mini, "Ni fa Baffanku tsoro yake ba ni. Zai ja minshari kamar injin niƙa, sai ya yi tsit, ƙirjin na motsi amma babu iska. In ta ƙirgawa har ashirin, sai ya zabura da wani irin kakari." Ta ɗauka dannau ne. Shi kuma da rana yana zaune a rumfarsa a kasuwar Muda Lawal, ana ciniki yana gyangyaɗi, abokansa na yi masa tsiya wai tsufa ya zo.

Abin yana da suna a likitance: ɗaukewar numfashi cikin barci. In mutum ya yi nisa, naman maƙogwaro yakan saki ya toshe hanyar iska. In toshewar ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta a matsayin sau ɗaya. Sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya mai sauƙi ne, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Duk sanda iska ta yanke, iskar da ke cikin jini sai ta faɗi, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi, zuciya ta hau bugu da ƙarfi, jini ya hau. Ka lissafa sau 30 a awa, awa shida, kowane dare. Lokacin da jinin mai lafiya ke sauka ya huta, nasa aikin ƙarfi yake yi. To wace ƙwaya ce za ta iya da wannan?

A 2021 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fitar da bayani cewa ana samun matsalar a kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na masu hawan jini, gazawar zuciya, rikicewar bugunta ko shanyewar ɓarin jiki, ta kuma ce a riƙa bincikar wanda jininsa ya ƙi jin magani. A 2022 ta sa barci, awa 7 zuwa 9, cikin abubuwa takwas da lafiyar zuciya ta dogara a kansu.

Na san abin da za a ce: layin marasa lafiya har bakin ƙofa, likita ɗaya, ina lokaci? Ban yarda ba. Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Tambayoyi takwas ne da aka tsara a Toronto ta Kanada a 2008: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashinka ya tsaya, hawan jini, ƙiba, wuce shekara 50, kaurin wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya ci uku sai a sa masa ido. Nas ma za ta iya yi a wurin awon jini, da awon tela a aljihunta. Baffa bakwai ya ci.

Inda wahalar take shi ne gaba. Gwajin kwana da wayoyi a jiki sai da muka je Abuja. Na'urar CPAP da ke hura iska ta hanci, wadda wani likitan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981, tana da tsada, kuma wuta take so har asuba. Sai da muka haɗa kuɗi muka sa masa sola. Kada kuma wani ya ce na ce maganin ciwon zuciya ce: wani babban gwaji da aka buga a 2016 bai ga ta rage aukuwar ciwon zuciya da mutuwa ba, ko da yake mutanen awa uku da ɗoriya kawai suke sa ta a dare. Amma tana rage gyangyaɗi, tana taimaka wa jinin da ya gagara. Wanda bai da halinta, rage ƙiba da barin kwanciyar rigingine suna yin aiki, kuma ya nisanci ƙwayar barci ta kyamis, ƙara sakin maƙogwaron take yi.

Direbobinmu na hanyar Jos da Kano su ne suka fi tsaya mini a rai. Da yawa ga tumbi, ga hawan jini, ga goro da shayi ana korar barci.

Wancan watan na raka Baffa awo, jinin ya sauko 140 bisa 85. Wannan karon da Goggo muka je. Ta zauna a kan benci da ledar magani a cinya, tana ce mini yanzu shirun ɗakin ne ke hana ta barci, sai ta tashi ta taɓa shi.