Hannun jarin kamfanonin intanet da gaggawar masu saye

Na lura cewa a majalisun matasa a nan Katsina, zancen sayen hannun jarin kamfanonin intanet na Amurka ta manhajar waya ya fara danne zancen ajiyar hatsi da kiwon ragunan layya. Hukuncin halacci na bar wa malamai. Abin da ke damuna shi ne lokacin da muke shiga da lokacin da muke fita, domin galibi sai labarin tashin farashi ya karaɗe Facebook da WhatsApp sannan muke saye, alhali waɗanda suka shiga da wuri a daidai wannan lokacin suke neman wanda za su sauke wa kayan.

Wanda ya saba sayen masara a kasuwar Dandume da kaka yana da abin aunawa, ya ga yadda damina ta kasance, ya zura hannu cikin buhu, ya san kuma cewa ko farashi ya karye iyalinsa za su ci tuwo. Farashin kamfanin intanet kuwa ya rataya ne a kan ribar da ake zaton zai samu nan da shekara biyar ko goma, zato kuma ba shi da tiya, shi ya sa ƙaramin labari kan girgiza shi. A watan Fabrairun 2022, da kamfanin Meta, mamallakin Facebook, ya sanar cewa masu shiga Facebook kullum sun ɗan ragu, darajarsa ta faɗi da kusan kashi 26 cikin ɗari a yini guda, wato fiye da dala biliyan 200, ba tare da an rushe masa ofishi ko ɗaya ba. A wannan shekarar ce babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, masu manyan kuɗi suka ga ajiya mai tabbas ta fi musu jiran ribar nesa, ma'aunin Nasdaq, wanda ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari a kasuwar Amurka da kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ya ƙare shekarar da asarar kusan kashi ɗaya cikin uku.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Jumia, kamfanin sayar da kaya ta intanet a Afirka. An fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar New York a Afrilun 2019 a kan dala 14 da rabi, cikin 'yan makonni ya haura dala 40, a Maris ɗin 2020 ya sauko ƙasa da dala 3, sannan a Fabrairun 2021 ya wuce dala 60. A duk tsawon wannan lokaci kamfanin asara yake bayyanawa, sana'arsa kuma ba ta canja ba. Zukatan masu saye ne suke sauka suna tashi, yau kwaɗayi, gobe firgita.

Akwai wani ruɗin da ya keɓanta da mu. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023 dala ta ninka wajen sau uku, don haka mutum kan buɗe manhaja ya ga kuɗinsa sun ƙaru a lissafin naira, ya ɗauka gwaninta ce, alhali kallon kitse yake yi wa rogo, wataƙila ma a lissafin dala faɗuwa ya yi.

Masu cewa a yi haƙuri farashi zai dawo sukan kafa hujja da Amazon, wanda ya yi asarar fiye da kashi 90 cikin ɗari na darajarsa bayan rugujewar farashin hannun jarin kamfanonin intanet a shekarar 2000, daga baya ya zama gagara-badau. Gaskiya ne, sai dai ba sa ambaton Pets.com, kamfanin sayar da kayan dabbobin gida ta intanet, wanda ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 2000 ya rufe a Nuwambar shekarar. Shi kansa Nasdaq, da ya kai maki 5,048 ranar 10 ga Maris 2000, bai sake taka wurin ba sai a 2015, wanda ya saya a ranar yana ɗan shekara 30 sai da ya kai 45 kafin ya ga uwar kuɗinsa.