Makullin da ke jin sanyi

Duk wanda ya zauna a Winnipeg ya san watan Janairu ba abokin wasa ba ne. Sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, idan iska ta taso kuwa, fuska ma sai ta yi kamar ba taka ba. A irin wannan gari na Kanada ake tallata mana kayan da wai za su sa gida ya yi wayo: makullin ƙofa da ake buɗewa da waya, ƙararrawa mai kyamara, na'urar da ke daidaita ɗumin gida da kanta. Ni dai abin da na lura shi ne, ranar da aka fi buƙatarsu, ranar suke cewa ba su san zancen ba.

Daga batir matsalar take farawa. Batirin litiyam, irin na wayoyinmu, ƙarfinsa raguwa yake yi idan ya ji sanyi. Kuma ba a so a yi masa caji idan sanyin ya kai ƙasa da sifili, domin litiyam ɗin taruwa yake yi ya manne a ciki, ya nakasa batirin. Shi ya sa na'urori da yawa ke tsayar da caji da kansu. Kamfanin Ring ma bai ɓoye ba: ƙararrawarsa mai batir tana iya ƙin karɓar caji a wajen sifili, ta ɗauke gaba ɗaya a wajen digiri 20 ƙasa da sifili. To jama'a, a nan wannan 20 ɗin ai daren Janairu ne na yau da kullum.

Makulli kuma nasa ciwon daban. Sanyi kan sa katakon ƙofa ya motsa, sakata ta ɗan kauce daga raminta. Da mabuɗi ne a hannunka, sai ka danna ƙofar da kafaɗa ka murɗa, magana ta ƙare. Ɗan ƙaramin injin da ke cikin makullin ba shi da kafaɗa. Zai yi ta gurnani yana zuƙe batirin da dama ya raunana, kai kuma kana waje da yara da ledojin cefane, ka cire safar hannu kana latsa lambobi da yatsun da suka sandare.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya faru da Nest a Janairun 2016. Wannan na'urar daidaita ɗumi ce, Google ya sayi kamfaninta a 2014 a kan dala biliyan 3.2. An sabunta manhajarta ta intanet, ashe da kuskure a ciki, sai ta riƙa shanye batirinta har ta mutu, hitar da ke ɗumama gida ta tsaya. Mutane suka farka tsakar dare gida ya yi ƙanƙara. Maganin da aka ba wasu shi ne su cire ta daga bango su yi mata caji kamar waya. Hita lafiyarta ƙalau, gas yana nan, wuta tana nan, amma mai ba da umarnin ya suma. A ƙasar sanyi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ruwa idan ya daskare a bututu kumbura yake yi ya fasa shi, ranar da ya narke kuma gida ya zama tafki.

A nan nake tuna Kano. Mu can ba mu taɓa yarda da abu ɗaya ba, saboda ana ɗauke wuta tun muna yara. Mai famfo yana da randa ko rijiya, mai sola yana da janareta, kuma kwaɗo yana nan a ƙofa ko da an sa mata wani abin zamani. Mutanen nan kuwa sun saba komai yana tafiya, har suka fara sayen makullin da ba shi da ramin mabuɗi sam. Ba ina cewa namu ya fi ba ne. Wahala ce ta koya mana, kuma kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu ya jawo gobara da asarar rayuka ba kaɗan ba. Amma ɗabi'ar tambayar "idan ya ƙi fa?" kafin a biya kuɗi, wannan kam mun fi su.

Ban ƙi kayan ba. Na'urar da ke aiko da saƙo idan ɗumin gida ya faɗi alhali kana tafiya, tana iya ceton bututunka. Sharaɗina dai, makulli ya zo da mabuɗi, kyamarar waje ta zama mai jone da wutar gida, batirin makulli kuma a sa na litiyam wanda ba a yi wa caji, da ke jure har digiri 40 ƙasa da sifili.

Masu cika akwati da irin waɗannan kaya a matsayin tsaraba kuma, ku duba takardar jikinsu. Zafi ma tsufar da batirin yake yi da wuri, kuma ƙofar ƙarfe da rana ke duka a Sakkwato cikin Afrilu takan wuce zafin da aka rubuta a kwalin.