Ba Kowace Ɓaraka Ce Ake Kitsawa a Mosko Ba

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu ko ina ka leƙa, daga taron masana tsaro zuwa shirin rediyo, zancen guda ne: an daina yaƙin bindiga, yaƙin yau a cikin waya ake yinsa, kuma wasu ƙwararru daga nesa suna iya juya tunanin al'umma kamar waina. Ni ban yarda ƙarfin abin ya kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ba na musun cewa akwai sojojin baka na haya. Kamfanin wani attajirin Rasha, Yevgeny Prigozhin, ya yi ta buɗe shafukan bogi daga Saint Petersburg lokacin zaɓen Amurka na 2016, Facebook ma ya tabbatar. Amma tsakanin mutum ya ga saƙo da ya canja ra'ayi akwai tafiya mai nisa.

Ku tuna zaɓenmu na 2015. Daga baya, a 2018, aka bankaɗo cewa wani attajiri ya ɗauki hayar Cambridge Analytica, wani kamfanin Birtaniya mai nazarin bayanan masu zaɓe, don ya taimaki Goodluck Jonathan, har da bidiyo mai tayar da hankali da aka shirya don a tsorata mutane da Buhari. Wannan fa shi ne kamfanin da ake cewa ya san zuciyar mai zaɓe fiye da mai ita. Me ya faru? Jonathan ya faɗi da tazarar ƙuri'a sama da miliyan 2. Talakan da ya ga Boko Haram ta kafa tuta a Gwoza da Mubi bai buƙaci kowa ya gaya masa inda zai dangwala ba.

Su kansu manyan nazariyyoyin ba su da tushe mai ƙwari. Shekaru aka kwashe ana rubuce-rubuce kan "aƙidar Gerasimov", wai sabon tsarin yaƙin Rasha na gamin-gambiza, da aka laƙaba wa sunan wani babban janar na ƙasar. Mark Galeotti, masanin Ingila da ya raɗa sunan a 2014, ya fito a 2018 ya ba da haƙuri, ya ce babu wata aƙida irin wannan. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ramuka muka gani, da igwa, da nakiyoyi, da dubban matasa suna mutuwa a kan gari ɗaya kamar Bakhmut. Jirage marasa matuƙa sabon abu ne, na yarda, amma har yanzu da jini da ƙarfe ake kama ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wannan zance ya zama mafakar masu mulki. A Agustan 2024 matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano da Kaduna, wasu riƙe da tutar Rasha. Nan take hankali ya koma kan tutar: wa ya ɗinka, wa ya biya? Aka kama teloli, aka kwashi yara ƙanana zuwa Abuja, har wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a watan Nuwamba kafin a sake su. To litar mai da ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 bayan cire tallafi a 2023, ita ma daga Mosko aka turo ta? Kwanon masarar da ya gagari magidanci fa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kowa ƙadangaren yake bi da sanda.

Haka a Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an ɗaga tutocin Rasha a Yamai, kuma ba na shakkar Rasha ta ji daɗi, ta kuma hura wutar. Sai dai mutumin Arlit da ya ga kamfanin Faransa yana haƙar yuraniyom shekara da shekaru garinsa yana cikin ƙura, da mutumin Tillaberi da aka yi ta kashe danginsa alhali a lokacin sojojin Faransa suna ƙasar, fushinsu ya girmi Facebook. Idan aka ce shafukan bogi ne suka sa su ƙi Faransa, an raina hankalinsu ne, an kuma wanke waɗanda suka jawo fushin. Wallahi wannan rainin ne ba na iya haɗiyewa, domin yaran da aka gurfanar a Abuja da yunwa suka fito, kuma da ita suka koma gida.