Yadda surukina ya tarar da ni ƙafafu a sama

Ku da kuka san rumfata a Kasuwar Dole ta Damagaram kun san ba na zama. Tun safe ina tsaye ina warware atamfa ina ninkewa, ranar Alhamis kuwa ko fura a tsaye nake sha. Sai jijiyoyin bayan gwiwata suka fara kumbura suna murɗewa, da yamma ƙafa ta yi nauyi tana zugi. Na je likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce jini ne ke kwanciya a ƙasa. Wai cikin jijiyoyin akwai ƴan ƙofofi masu hana jini komowa baya, naman sha-raɓa kuma shi ke tura shi sama in mutum na tafiya, don haka mai doguwar tsayuwa da mai dogon zama duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Jijiyoyin da suka fito ba za su koma da kansu ba, amma ana hana su ƙaruwa. Duk rabin awa in ɗan taka ko in yi ɗage a kan ƴan yatsu, in rage gishiri da tumbi, in daina hawan kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai ni. In na koma gida in kwanta in ɗaga ƙafafu su fi ƙirjina tudu, kamar minti 15. Ya rubuta mini wata safa mai matsewa har gwiwa, kuɗinta ko uwargida ban faɗa wa ba.

To ran nan an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ɗaki ba ya shiguwa don zafi, sai na shimfiɗa tabarma a zaure. Na kwanta rigingine, na jingina ƙafafu da bango. Wando ya zame ya taru a cinya, safa fara tas a fili. Iska ta ɗan kaɗa, barci ya kwashe ni.

Sallama na ji a kaina. Na buɗe ido, daga ƙasa nake kallo: takalmi, babbar riga, gemu, rawani. Surukina ne, daga Mirriya, shi da ƙanensa. Mutumin da tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, yau ga tafin ƙafata daidai fuskarsa.

Na yunƙura in tashi, ƙafafu sun sage. Ta dama ta sulalo ta bugi buta, ruwa ya bi tabarma ya shige mini ƙarƙashin baya. Ta hagu ta tsaya a bango abinta. A haka, a kwance, na ce, "Baba, barka da zuwa, ya hanya?" Har da ƙoƙarin rusunawa. Ku gaya mini yadda mai kwance yake rusunawa.

Shi kuwa ya ɗaga kai yana duban azara kamar ya zo sayenta. Can ya ce, "Lafiya dai, yaro?"

Na ce, "Magani ne, Baba."

Sai ƙanen ya matso da gaskensa, ya rage murya: "Wane malami ya ba ka wannan laƙanin? Na kasuwa ne?"

Na fara bayanin ƙofofin jini ina jan wando da hannu ɗaya. Babu wanda ya saurara. Daga baya na ji Baba a tsakar gida yana tambayar ƴarsa a hankali ko safar nan tata ce.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar mai shayin bakin layinmu, kun san shi. Shi ya rako su har ƙofa. Ya hango ni tun daga waje. Gyaran murya ɗaya ya isa, ko ya turo yaro. Ina! Sai ya tsaya a bayansu riƙe da butar shayi, kafaɗunsa na rawa. Mutumin da nake bi jaka biyar na shadda tun sallar layya, kullum "Alhaji, sai Alhamis". Kafin magariba labari ya kai fada, yanzu daga unguwar Zango har Birni Jemage ake kira na. Yaron da ke kawo mini abinci ma ya fara. Shi kuma mai shayin wuni yake a kan benci ɗaya gaban gawayi, ko ƙafa ba ya sauyawa, na ga nasa jijiyoyin ran da ya naɗe wando zai yi alwala, sun fi nawa. Ban ce masa komai ba, kuma ba zan ce ba.

Yanzu a ɗaki nake yi, da matashi biyu, ƙofa a sakace. Zugin ya ɗan ragu. Jiya na aika yaro karɓo kuɗin shaddar, ya dawo mini da shayi kofi ɗaya, wai a gaida Jemage.